Tambaya da Amsa: Kwamfuta Uku, Ɗalibai Saba'in

Tambaya: Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare ta ƙauye. An ba mu kwamfuta uku, ɗalibaina kuwa sun haura saba'in, wutar lantarki kuma sai an yi sa'a. Ta yaya zan amfana da su? Daga wani mai karatu a Jihar Katsina.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara basira. Abin da ya fi gaggawa shi ne kowane ɗalibi ya saba da taɓa na'urar da hannunsa, domin tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan ta kwamfuta, kuma abin takaici ne yaro mai hazaƙa ya rasa maki don bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Ka raba su rukuni-rukuni, wasu suna aiki a littafi yayin da wasu ke kan na'ura, sannan su yi musanya.

Game da darussa, akwai dandalin karatu na intanet mai suna Nigeria Learning Passport, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, kyauta ne. Ka duba darasin a wayarka kafin ka shiga aji, ka zaɓi abin da allo da alli ba sa iya nunawa sosai, kamar yadda siffofi ke juyawa. Batun wuta kuwa, farantin sola da batir za su taimaka, kuma ya dace ka gabatar da buƙatar ga ƙungiyar iyaye da malamai.