Rangwame, yafewa da ruwan ciki

Wani mai karatu daga Zariya ya aiko da tambaya. Ya ji a rediyo cewa hukumomin garuruwa a Amurka kan yi wa manyan kamfanoni "rangwamen haraji" domin su zo su kafa masana'antu, wani mai fassara kuma ya ce "yafe haraji". Shin duk ɗaya ne? Kuma karin maganar nan, "da ruwan ciki ake jan na rijiya", ta dace da lamarin?

Malam, ba ɗaya ba ne. Rangwame kalmar kasuwa ce: mai kaya ya rage maka wani abu a kan farashi, amma dai sai ka biya. Yafewa kuwa sai hakki ya hau kanka tukuna, sannan mai shi ya ce ya bar maka. Akwai ta uku, sokewa, wato a kashe abin daga tushe ga kowa da kowa, kamar yadda gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka yi wa haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979. Abin da ake yi wa kamfanoni yawanci rangwame ne, domin ciniki ne: ku kawo ayyuka, mu rage muku.

Karin maganar ce na fi so mu tsaya a kanta. Ma'anarta, sai kana da ɗan ƙarfi ko jari a hannu kake iya neman ƙari. Amma ka lura, ruwan cikin na mai jan gugar ne. A wannan ciniki kuwa, ruwan na mutanen gari ne, kuɗin da za a yi makaranta da asibiti, shi kuma kamfani ke riƙe da igiya. Shi ya sa ban yarda da ita a nan ba.

Wadda ta fi dacewa ita ce "baƙo raɓa, ɗan gari kaba". Raɓa da rana ta ɗaga ta tafi, kaba kuwa tana nan daram, rani da damina. Ga misali: a 2017 jihar Wisconsin ta Amurka ta yi wa Foxconn, kamfanin haɗa kayan lantarki, alkawarin rangwamen kusan dala biliyan 3, shi kuma ya ce zai ɗauki ma'aikata 13,000. Hukumar ƙauyen Mount Pleasant, inda aka shirya kafa masana'antar, ta ci bashi ta sayi filaye, aka tashi mutane daga gidajensu. A 2021 aka sake zama kan yarjejeniyar, adadin ayyukan ya koma 1,454.