Tambayoyin Masu Karatu: Ɗan shekara 64 zai iya koyon busa hamonika?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni tsohon malamin firamare ne, na ajiye aiki shekara huɗu da suka wuce, ina zaune a Anguwar Rogo cikin garin Jos. Ɗana da ke aiki a Abuja ya kawo mini tsarabar hamonika, wato ɗan ƙaramin abin busa da ake sawa a baki, mai rami 10, da harafin C a gefenta, saboda ya sha jin ina ba da labarin wani abokin karatunmu a kwalejin horar da malamai wanda yakan busa ta da daddare a ɗakin kwana, mu kuwa mu yi tsit muna saurare. Na gwada ta sau da yawa, amma haƙorana uku sun fita, numfashina ba kamar na da ba, kuma idan na zuƙi iska a rami na biyu sai sautin ya fito a shaƙe, har ina zaton ta lalace. Bayan haka ina jin nauyin jikokina da maƙwabta. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shin in ci gaba, ko in ba jikana ya yi wasa da ita?

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. Kada ka ba jikanka ita. Idan yana so, a saya masa tasa, wannan taka ce. Karin maganar da ka kawo tana da 'yar'uwa wadda kai ka fi ni saninta, tunda ka shekara da shekaru a gaban allo, wato gemu ba ya hana ilimi. Amma dalilina na gaskiya yana cikin yadda aka ƙera abin. Mai algaita yana buƙatar kumatu masu ƙarfi da numfashin da ba ya yankewa, mai kakaki yana buƙatar leɓe mai tauri da ƙirji, mai garaya ko gurmi kuwa sai yatsunsa sun saba da tsirkiya tun yana yaro kafin ya yi gwaninta. Hamonika ba ta neman ko ɗaya daga cikin waɗannan. A cikinta akwai 'yan siraran harsuna na tagulla guda 20, biyu a kowane rami, ɗaya yana kaɗawa idan ka fitar da iska, ɗayan kuma idan ka zuƙa, kuma tun a masana'anta aka daidaita muryar kowanne. Haƙori ba shi da aiki a nan ko kaɗan, leɓe da harshe da maƙogwaro ne ke aikin. Ni kaina sai da na haura shekara 45 sannan na fara riƙe ta.

Kalmar busa da muke amfani da ita ce take ɓatar da mafi yawan masu koyo, domin da zarar mutum ya ji busa sai ya tuna mai hura wuta a murhu, ya cika kumatu ya tura iska da ƙarfi. Harsunan nan sirara ne ƙwarai, iska kaɗan take motsa su, idan kuma aka matsa musu sai su shaƙe, muryarsu ta karkace, a kwana a tashi su gaji su tsage. Abin da ake yi shi ne numfashi ta cikinta, kamar yadda kake numfashi yanzu kana karanta wannan shafi. Ka riƙe ta da hannun hagu, ramin da aka rubuta wa lamba 1 yana ɓangaren hagu, ka sa ta can cikin baki yadda cikin leɓenka mai laushi zai rufe ramuka na 1 zuwa na 3, sannan ka shaƙa a hankali ka fitar a hankali. Ka ɗora ɗayan hannun a kan cikinka. Idan ciki ne ke tashi yana sauka, kana kan hanya. Idan kafaɗu ne ke ɗagawa, ka sassauta. An jera muryoyin ta yadda ramukan da ke maƙwabtaka suke jituwa da juna, don haka tun ranar farko za ka ji sauti mai daɗin ji. Na sha lura cewa dattawa sun fi samari saurin kama wannan darasi, saboda saurayi yana so a ji shi daga nesa, dattijo kuwa ya iya yin abu a natse.

Rami na biyu bai lalace ba, kuma kusan duk wanda ya taɓa koyo ya yi wannan zato. Harshen da ke amsa zuƙa a wannan rami yana saurin bin siffar cikin baki, ta yadda idan ka ƙuntata bakinka ko ka ɗaga bayan harshenka kamar mai tsotsar lemo, sai muryarsa ta faɗi ƙasa ta shaƙe. Maganinsa shi ne ka saki haɓarka ƙasa, ka buɗe maƙogwaro kamar mai shirin hamma, ka bar harshenka a kwance, ka zuƙa da sauƙi, kana barin iska kaɗan ta shiga ta hanci. Akwai hanyar gwaji mai kyau: zuƙa a rami na 2 da hurawa a rami na 3 murya ɗaya suke bayarwa, don haka ka hura na 3 ka riƙe sautin a kunnenka, sannan ka zuƙi na 2 har ya yi daidai da shi. Idan ya ƙi, ka ƙyale shi wata ɗaya ko biyu, domin waƙoƙinka na farko ba su buƙatarsa.

Aikin da ya fi cin lokaci a farko shi ne fitar da murya ɗaya tal daga rami ɗaya, ba tare da maƙwabtansa sun shiga ba. Ka tattara leɓenka kamar mai fito, amma kada ka taurara su, ka ɗan ɗaga bayan hamonikar sama yadda za ta zauna a kan leɓen ƙasa. Ka fara da rami na 4. Tunda ka koyar a firamare, na tabbata do, re, mi ba baƙinka ba ne, kuma dukkansu suna tsakanin rami na 4 da na 7. Hura 4 shi ne do, zuƙi 4 re, hura 5 mi, zuƙi 5 fa, hura 6 so, zuƙi 6 la, sai tsarin ya juya a rami na 7, inda zuƙa take ba da ti, hurawa kuma ta ba da do na sama. Wannan juyin yana rikitar da kowa a makon farko. Ga abin da zai yi maka daɗi: da yawa daga cikin waƙoƙinmu na gargajiya a kan muryoyi biyar aka gina su, don haka idan ka tsallake zuƙar 5 da zuƙar 7, abin da ya rage zai faɗo a kunnenka kamar wani abu da ka daɗe da sani. Ka zaɓi wata gajeriyar waƙar dandali ko ta tashe da ka haddace tun kana yaro, ka rera ta da baki, sannan ka neme ta rami bayan rami. Kunnen da ya shekara 60 yana sauraron waƙa dukiya ce da yaro ba shi da ita.

Minti 10 zuwa 15 a kullum ya fi awa biyu a ranar Asabar kaɗai amfani, domin leɓe da harshe da maimaici suke koyo. Ka ware lokaci guda, misali da hantsi bayan gida ya yi shiru, kuma sau ɗaya a mako ka ɗauki sautinka a waya ka ajiye, saboda ci gaban yau da gobe ba ya jiyuwa sai an kwatanta da na watan jiya. Nan gaba za ka ji labarin tanƙwara murya, wato sauya siffar cikin baki har murya ta sauko ƙasa da inda aka daidaita ta, wanda shi ne sirrin kukan da hamonika take yi a hannun baƙaƙen fatar Amurka irin su Little Walter na birnin Chicago. Abu ne mai daɗi, amma yana iya cin watanni, kada ka sa shi a gaba yanzu. Game da tsufa kuwa, Toots Thielemans na ƙasar Beljiyam, ɗaya daga cikin gwanayen wannan busa a duniya, bai daina hawa dandamali ba sai a 2014, bayan ya haura shekara 90.

Batun numfashi ina so ka ɗauke shi da muhimmanci. Ɗan jiri a kwanakin farko abu ne da aka saba gani, alama ce ta cewa kana zuƙa fiye da kima, sai ka dakata ka huta. Amma idan kana da asma, ko ciwon zuciya, ko tari da ya daɗe, ko kana haki idan ka hau ɗan tudu, ka ga likita tukuna, domin wannan haki yana buƙatar bincike ko da hamonika ko babu. A Amurka akwai gidauniyar masu fama da cutar toshewar huhu da take amfani da hamonika wajen motsa numfashin marasa lafiya, sai dai wannan taimako ne ga magani, ba ya maye gurbinsa.

Sanyin Jos ma yana da nasa hukunci. A watannin Disamba da Janairu ƙarfen yakan yi sanyi ƙalau, tururin numfashi ya taru a kan harsunan su liƙe, don haka ka sa ta a aljihun ƙirji na 'yan mintoci ta ɗumama kafin ka fara. Leɓen da hunturu ya fasa ba ya zamewa a kan ƙarfe. Ka shafa man kaɗanya da daddare, ka goge kafin busa. Idan kana cin goro, ka kurkure baki sosai, domin ɓarɓashinsa guda ɗaya ya isa ya tsayar da ɗaya daga cikin harsunan tagullar, haka ma shayi mai sukari. Bayan ka gama ka bubbuga ta a tafin hannu, ramukan suna kallon ƙasa, ka bar ta ta sha iska, sannan ka mayar da ita kwalinta saboda ƙura. Kuma kada a yi karɓa-karɓa da ita tsakanin baki da baki, ko da jikoki sun yi kuka, saboda mura.

Na bar batun jin nauyi zuwa ƙarshe domin shi ne nake zaton ya fi damunka. A al'adarmu kiɗa da busa sana'ar gado ce da aka haɗa ta da roƙo, shi ya sa dattijo mai mutunci yake jin kamar girmansa zai zube idan aka gan shi da abin busa. Na fahimci wannan, ban kuma raina shi ba. Sai dai abin da kake nema daban ne: ba ka zuwa gidan biki, ba ka jiran liƙi, kana neman sautin da ya sanyaya maka rai a ɗakin kwanan ɗalibai shekara 40 da suka wuce. Garin da kake zaune kuma shi ne garin marigayi Dan Maraya, wanda ya rasu a 2015, mutumin da ya ɗauki kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa talakawa nasiha da shi har ƙasa ta girmama shi. Idan akwai shakka a zuciyarka ta fuskar addini, ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa, wannan fagensa ne. Maƙwabta kuwa, idan ka rufe hamonikar da tafukan hannu biyu ka yi numfashi a hankali, sautin da ƙyar zai wuce labulen ɗakinka.

TAMBAYA: Malam, ina wuni. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kubwa, Abuja, shekarata 55. Na je shagon kayan kiɗa na tarar da hamonika iri-iri, wata doguwa mai ramuka sama da ƙasa, wata mai maɓalli a gefe. Wacce ta dace da mai farawa?

AMSA: Lafiya lau, Hajiya. Ki nemi ƙaramar mai rami 10 a jere ɗaya, mai harafin C, domin kusan duk darussan masu farawa a kanta aka tsara su. Doguwar mai ramuka sama da ƙasa tana kaɗa harsuna biyu a kowace murya, sautinta yana rawa, an fi son ta a ƙasashen gabashin Asiya, amma darussan ƙaramar ba za su yi miki aiki a kanta ba. Mai maɓallin kuwa ita ce irin wadda Stevie Wonder ya shahara da ita. Tana da dukkan muryoyi, tana da tsada, kuma tana son kulawa.

Wajen suna, kamfanin Hohner, wanda Matthias Hohner ya kafa a garin Trossingen na Jamus a 1857, shi ne ya fi shahara, sai Seydel na Jamus da Suzuki na Japan. Samfurin Hohner mai suna Marine Band, wanda ya fito tun 1896, cikinsa na katako ne, katako kuwa yana kumbura da damshi har ya goge leɓe, don haka ga mai koyo na fi son mai cikin roba irin Special 20. Ki guji ta wasan yara. Ta farko da na saya mai araha ce, iska tana zurarewa ta ko'ina, na yi wata uku ina zargin huhuna kafin wani da ya fi ni sani ya nuna mini inda laifin yake. Ki duba kwali da rubutun jikinta da kyau saboda jabu, kada kuma ki karɓi wadda aka buɗe wasu suka gwada da baki. Da kin isa gida ki bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, hurawa da zuƙa, a hankali, idan wani ya yi shiru gaba ɗaya ki mayar da ita tun rasit yana hannunki.