Tambaya da Amsa: Katafila ta tono tukwane, oga ya ce a binne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direban katafila ne. Kwanaki muna haƙa fandisho na wani babban gini sai bokitin ya ɗebo tsingaro da yawa da gawayi da wasu ƙasusuwa, har da wata tukunya da ta fito kusan lafiya ƙalau. Na kashe inji na kira oga, ya ce in mayar da ƙasa mu ci gaba don in hukuma ta ji rufe mana aiki za ta yi. Ni kuma na ɗauke tukunyar na ajiye a gida. Dan Allah na yi laifi? Kuma wai fasassun tukwane me za su tsinana wa mutum?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kashe injin da ka yi ka kyauta wallahi, wani ko waiwaye ba zai yi ba. Amma ɗauke tukunyar nan, to a nan ka yi ɓarna ba da saninka ba.

Ka ga su masu binciken kayan tarihi ba tukunyar ce ta fi damunsu ba, inda take kwance shi ne maganar. Ƙasa hawa-hawa take, in ka kalli bangon ramin da kake haƙawa ai kana ganin launi na canjawa, ga ja, ga baƙi-baƙi mai toka, ga yashi, kuma galibi na ƙasa ya girmi na sama. Gawayin nan da ka raina shi ake kaiwa ɗakin gwaji a auna sinadarin kabon ɗinsa a faɗi shekarunsa, gwajin na iya kaiwa wajen shekara 50,000 baya, to in tukunyar na hawa ɗaya da gawayin an san zamaninta kenan, har ma ana iya gano me aka dafa, da wa aka yi ciniki. Da zarar bokiti ya cakuɗa su ko ka cire ta, ta zama tukunya kawai. Kuma tono sau ɗaya ake yinsa, ba a maimaitawa.

Tsoron ogan naka kuwa ba zan ce babu dalili ba. A Istanbul ta Turkiyya lokacin da ake aikin jirgin ƙasa na Marmaray, daga 2004 aka fara tono a unguwar Yenikapi sai ga tsohuwar tashar jiragen ruwa ta zamanin Rumawa, jirage 37 aka ciro daga laka, aikin ya yi jinkirin shekaru sai 2013 aka buɗe layin. Amma ai an buɗe, jirgin ƙasa na ta zirga-zirga, jiragen ruwan ma ga su an adana. A Masar da za a gina madatsar ruwa ta Aswan, hukumar UNESCO mai kula da ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yekuwa a 1960 a ceto kayan tarihin da ruwan madatsar zai shanye, aka yayyanka gidajen bautar Abu Simbel gunduwa-gunduwa tsakanin 1964 da 1968 aka sake harhaɗa su mita 65 sama da inda suke. Shi kuwa kamfanin haƙar ma'adinai na Rio Tinto da ya tarwatsa kogunan dutse na Juukan a Ostireliya a 2020, wurin da mutane suka zauna tun shekara 46,000, ƙarshenta shugabansa sai da ya bar kujera.

Ni a ganina tun kafin a kawo katafila aka yi sakaci. Kamata ya yi masana su taka filin da ƙafa, su duba tsofaffin taswirori, su yi 'yan ramukan gwaji, in an ga kufai ne a wurin sai a ɗan gusa da ginin tun yana kan takarda, lokacin gyara bai wuce goge layi ba. Manyan ayyuka da yawa, musamman waɗanda Bankin Duniya ke ba kuɗi, akwai sharaɗi a rubuce na abin da za a yi in an ci karo da kayan tarihi ba zato, kuma sau da yawa ɓangaren kawai ake killacewa da igiya a ci gaba da aiki a sauran filin. Ka tambayi injiniyanku ko akwai shi a takardar kwangilar.

Ƙasusuwan nan su suka fi tsaya min a rai. In akwai alamar na mutum ne, 'yan sanda ake fara kira kafin kowa, don ba kai za ka tantance tsohon kabari ne ko wani abu aka ɓoye ba.

Tukunyar kuma kar ka wanke ta, kar ka zubar da ƙasar cikinta, kar kuma ka saurari mai cewa zai saya, ƙasashe da yawa dokarsu ta hana. Ka kai ta gidan adana kayan tarihi mafi kusa, ka rubuta ranar da ka same ta da zurfin ramin gwargwadon yadda ka tuna, in akwai hoto a wayarka ka haɗa musu, sannan ka je da su ka nuna wurin da yatsa tun ba a zuba kankare ba.