Tallafin karatu a Harvard: hazaƙa ake dubawa ko halin gida?

Malam, ka tambaya ko 'yarka da ta fito da sakamako mai kyau a WAEC a Argungu za ta samu tallafi a Harvard saboda ƙoƙarinta. Allah Ya yi mata albarka.

Harvard da sauran jami'o'i bakwai na rukunin da ake kira Ivy League a Amurka ba sa ba da kuɗi don hazaƙa. Hazaƙar ce ke sama mata gurbi, kuɗin kuwa halin gidanku ake dubawa. Daga 2025, iyalin da samunsu bai wuce dala 100,000 a shekara ba, Harvard ke ɗauke musu komai, har abinci da masauki.

Inda aikin yake shi ne fom ɗin neman tallafi mai suna CSS Profile. Za a tambayi abin da gona ke kawowa da mutum nawa kake ciyarwa. Ka zauna ka lissafa buhunan shinkafar bana da kuɗinsu, ka rubuta gaskiya, don za su nemi shaida.

Jami'o'in Vanderbilt da Duke a Amurka suna da tallafin hazaƙa, sai dai guraben kaɗan ne ƙwarai. Ku tuntuɓi EducationUSA, cibiyar ba da shawara kan karatu a Amurka, a Abuja tun da wuri.