Tambaya da Amsa: Sana'ar Kula da Tsofaffi da Naƙasassu a Gida

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi ritaya. Ina so in buɗe kamfanin da zai riƙa tura masu kula gidajen tsofaffi da naƙasassu. Na samu mutum huɗu masu son aikin. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, buƙatar dai akwai ta, ƙaruwa ma take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2030, cikin kowane mutum shida a duniya ɗaya ya kai shekara 60. Rajista da lasisi da inshora, dokar inda kike ce ke yanke su, ki gama da su kafin ki karɓi mutum na farko.

Bayan wannan, kada mai kula ta taka gidan kowa sai kin riga ta zuwa. Ki zauna aƙalla awa ɗaya. Ki ga yadda mutumin yake tashi daga gado, ko yana kai kansa banɗaki, ko yana ƙwarewa in ya sha ruwa, waɗanne magunguna yake sha kuma da ƙarfe nawa. Ki bi hanyar da yake bi da dare daga gado zuwa banɗaki: shimfiɗar da bakinta ya naɗe, wayar wuta a ƙasa, santsi, duhu, nan ake faɗuwa. Shi mai jikin za ki fara tambaya abin da yake so, sannan 'ya'yansa, domin sau da yawa maganarsu ba ta zuwa ɗaya. Daga nan ki rubuta tsarin kulawa, shafi ɗaya ko biyu, har da abin da masu kula ba za su taɓa ba, kamar allura da sauya yawan magani. Kwafi ɗaya a gidan, ɗaya a wurinki.

Tambaya: Ina da masu kula goma sha biyu, amma duk bayan 'yan watanni sai wasu su ajiye aiki. Iyalai suna ƙorafin kullum baƙuwar fuska suke gani. Ina yi musu nasiha kan tausayi, abin bai canza ba.

Amsa: Malam, nasiha ba ta biyan kuɗin mota. Ɗauko jadawalin mako guda na mai kula ɗaya ka lissafa. In tana da gida biyar a rana, awa ɗaya kowane gida, tsakanin gida da gida tafiyar minti 30, to awa bakwai ta ba ka, kai kuma biyar kake biya. Wadda aka matse haka dole ta yi sauri: ta ɗura wa tsoho abinci, ta yi masa wanka a gurguje, ta fita yana cikin magana. Ba mugunta ba ce, agogo ne ke korar ta. Daga baya ta gaji ta tafi.

Gyaran daga farashinka zai fara. Kuɗin da kake karɓa a kan awa ɗaya ya ɗauki albashi, lokacin tafiya da kuɗin mota, ranakun hutu, horo, safar hannu, inshora, da wanda zai ɗauki waya da tsakar dare. Sababbin shiga sana'ar sukan karya farashi don su samu gidaje, asarar kuma a kan ma'aikata take sauka. Ka haɗa gidajen da ke kusa da juna a hannun mutum ɗaya. Kowane tsoho ya san masu kula biyu ko uku nasa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma fuska goma ma rikita shi take yi, balle mai ciwon mantuwa. Sabuwar ma'aikaciya ta bi tsohuwa ziyara biyu ko uku kafin ta shiga ita kaɗai. Jadawali ya fito mako guda kafin lokaci. Sannan ka koya musu ɗaga mutum: a durƙusa da gwiwa, baya a miƙe, ba a jan mutum ta hammata. Wanda ba ya iya tsayuwa da ƙafarsa ko kaɗan, mutum biyu ko na'urar ɗagawa yake buƙata. Ciwon baya na korar masu kula fiye da yadda shugabanni suke zato.

Tambaya: Wata dattijuwa mai shanyewar ɓarin jiki da muke kula da ita ta yi gyambo a ƙugu. Iyalinta sun ce sakacinmu ne. Ya za mu kare faruwar haka?

Amsa: Gyambon kwanciya yana fitowa ne in nauyin jiki ya danne fata a kan ƙashi har jini ya kasa ratsawa, kuma cikin awoyi yake farawa. A riƙa juya ta kusan duk awa biyu, a jingina ta a karkace da matashi a bayanta, wani tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin sha-raɓa don dunduniya ta tashi daga katifa. Kullum a duba ƙashin ƙugu ta baya, kwatangwalo, dunduniya, gwiwar hannu, allon kafaɗa da ƙeya. In an danna wurin da ya yi ja bai yi fari ba, gyambo ya fara. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai a lura da wurin da ya fi duhu, ko ya yi ɗumi, ko tauri. Kada a murza shi. A sauya kunzugu da zarar ya jiƙe, a miƙe zanin gado, kada a ja ta a kansa. Fata ta buɗe, a kira likita ko ma'aikaciyar jinya a ranar.

Sai ka tambayi kanka: awa nawa ma'aikatanka suke gidan? In awa huɗu ne, sauran ashirin a hannun iyali suke. A manna takardar juyi kusa da gado, duk wanda ya juya ta ya rubuta lokaci da ɓangare ya sa hannu. Ita ce za ta raba gardama, ta kuma nuna inda giɓin yake.

Tambaya: Wani dattijo yana yawan yi wa mai kula da shi kyautar kuɗi, wani lokaci ya ba ta katinsa na banki ta ciro masa. Akwai laifi?

Amsa: Akwai haɗari, gare shi da gare ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin shida na 'yan shekara 60 zuwa sama sun gamu da wani nau'in cin zarafi cikin shekara guda, har da cutar da su ta fuskar kuɗi. Ka sa doka a rubuce: ba karɓar kati, ba sanin lambar sirri, ba rance. In aike ne, a rubuta abin da aka karɓa, a kawo rasit da canji. Kai za ka je ka yi wa dattijon bayani cikin ladabi cewa dokar kamfani ce, don kada ya ɗauka yarinyar ce ta raina alherinsa.