Amsa ga Yaya kan maganar rufe gidajen rediyo

Salamu alaikum ƴan uwa, ina kwananku. Yaya na saurari muryar da ka turo jiya da daddare, wadda kake cewa ƴan jarida duk ƴan amshin shata ne, wai gara gwamnati ta rufe gidajen rediyon nan masu zaman kansu kowa ya huta da hayaniya. Toh wallahi na kwana da maganar nan a raina, shi yasa nace bari in ɗan yi magana, ka yi haƙuri in ta yi tsawo.

Gaskiya ɓacin ranka yana kan hanya, ban musa ba. Ni ma ina jin sojojin bakan nan da daddare, mutum ya karɓi kuɗi ya shiga rediyo ya zage wani tas, gobe a ba shi wanda ya fi na jiya ya juya ya zagi wanda yake yabo, kuma akwai ɗan jaridan da in ba a ba shi ɗan ambulan ba labarinka ba zai fita ba, duk mun sani. Amma Yaya in aka ce a rufe, waye zai riƙe makullin? Ai gwamnatin da ake so a sa wa ido ita ce za ta zaɓi wanda za ta rufe, kuma ba mai yabonta za ta fara taɓawa ba.

Kai ka girme ni, ka ga zamanin soja da idonka. A 1984 aka yi doka mai lamba 4 ta takura wa ƴan jarida, aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda saboda labarin naɗin jakadu kawai. A 1986 aka aika wa Dele Giwa na mujallar Newswatch bam a cikin ƙunshin wasiƙa har gidansa a Legas. Lokacin Abacha kuma ga namu ɗan Gombe, Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, ya ɓace a 1996. A lokacin ba hayaniya kam, shiru ake, amma shirun nan na tsoro ne, mutane sai su maƙala rediyo a kunne su kamo BBC Hausa kafin su san abin da ke faruwa a garinsu.

Abin da ni ba na mantawa shi ne tazarce ta 2006. Ka tuna lokacin da aka so gyara tsarin mulki don Obasanjo ya yi wa'adi na uku? Ken Nnamani ne shugaban majalisar dattawa, aka bari tashar talabijin ta AIT ta riƙa nuna muhawarar kai tsaye, kowane sanata ya tashi ya faɗi matsayinsa mutanen mazaɓarsa suna kallonsa, toh wanda ya yi alƙawari a ɗaki da daddare sai ya ga ba dama ya maimaita shi a gaban kyamara, ranar 16 ga Mayu aka yi watsi da ƙudurin. Da a rufe aka yi zaman nan Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Ni a wurina aikin jarida kenan, ta sa wanda ka zaɓa ya san kana ganinsa.

Kuma bar ta manya ma, a unguwarmu bara asibitin sha-ka-tafi ya yi wata da watanni ba ruwa, mata masu haihuwa sai an biyo su da jarka daga gida, mun rubuta takarda mun kai sau nawa ba amsa. Wata baiwar Allah ta kira shirin rediyon da ake buɗe layi da safe ta faɗa da bakinta, wakilinsu ya zo ya ɗauki muryoyin mutane, ba a yi sati biyu ba aka zo aka gyara famfon. Matar nan ba ta da kowa a gwamnati Yaya, katin waya kawai ta saka.

Sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ma ya ɗora wa kafafen labarai aikin bin diddigin gwamnati, kuma tun 2011 akwai dokar ƴancin samun bayanai, wadda kowa zai iya rubuta wa ma'aikata ya nemi a nuna masa yadda aka kashe kuɗi, ba sai ɗan jarida ba.

Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne wanda ya yi ƙazafi a kai shi kotu, kuma masu gidajen rediyo su biya ma'aikatansu albashi, don yaron da ya yi wata uku ba a biya shi ba shi ne ɗan siyasa ke saya da kuɗin mota. Mu ma nan mu daina tura duk abin da muka gani a Facebook ba mu duba daga ina ya fito ba.

Maganar hanyar ƙauyenmu da ka ce ta dame ka, in ka yarda mu haɗu mu huɗu ko biyar mu kira shirin safen nan ranar Litinin, zan turo lambarsu anjima insha Allah. A gaida su Hajiya da yara.