Tambaya Da Amsa: Wane Fulish Ne Zai Jure Wahalar Teburin Kicin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lahiya. Ni matar aure ce daga Jega jihar Kebbi, ƙanen maigidana kafinta ne shi ya haɗa min teburin kicin da katakon maɗaci, wallahi ya yi kyau, yanzu saura fulish. Shi ya ce a yi mai feshi irin wanda suke yi ma gado da wadirof don ya fi sheƙi, maƙwabciyata kuma ta ce in shafe shi da man gyaɗa kawai. Ni dai bisa teburin ga zan riƙa murza fulawar cincin, ga yara da zubar da ruwa, ga kuloli da tukwane. Mi ya kamata in yi don Allah?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka, maɗaci katako ne na gaske, in aka kula da shi har jikoki sai sun ci abinci a kai.

Man gyaɗa dai ki manta da shi, shi da manja duka. Ba sa bushewa, katako ya shanye su ya yi ta danƙo yana kama ƙura, da zafin Afrilu ya shigo kuma sai warin tsohon mai ya tashi, ga kyankyasai. Haka baƙin man mota da wasu ke shafa ma katako saboda gara, wannan kar ya kusanci inda ake taɓa abinci.

Feshin da ƙanen maigidanki ke faɗi, shi ma yana da gaskiyarsa, yana bushewa nan da nan kuma yana sheƙi, shi ya sa kafintoci ke sonsa, a gado ko wadirof ba laifi tunda ba wanda ke aza musu tukunya. Amma a kicin ba ya daɗewa, ki ajiye kofin shayi mai zafi ko jiƙaƙƙen kwano ya kwana, da safe za ki tarar da farin zobe ya fito a wurin kuma goge shi sai an sha wuya.

Abin da nake ba ki shawara shi ne banish mai suna foliyuritan, na mai ba na ruwa ba, ana samun shi a shagunan masu fenti, a duba gwangwanin da kyau. Ya fi jure ruwa da zafi da gogayya, zai ɗan ƙara ma maɗacin duhu ya fito da jansa. In da hali a ɗauko wanda bai cika sheƙi ba don mai ƙyalli sosai ko ɗan ƙarzane ne sai ya nuna.

To amma fa aikin ne komai. A fara tabbatarwa katakon ya bushe, ɗanyen katako ko me aka shafa mai da hunturu ya buso sai ya tsage. A bi shi da samfefa lamba 120 sannan 180 sannan 220, ana bin tsawon katakon ba a gicciye ba, a share ƙurar tas. Shafin farko a tsinka shi da tina, wato ruwan tsinka fenti, irin wadda aka rubuta a jikin gwangwani don ya shiga ciki, maɗaci yana da ƙofofi zai sha sosai. Ki roƙi kafintan kar ya sa sila, wato shafin toshe ƙofofin katako da suka saba sawa kafin feshi, sau da yawa foliyuritan ba ya kama ta da kyau, daga baya sai ki ga yana ɓarewa kamar bawon albasa. Shafi uku zuwa huɗu marasa kauri da burushi mai kyau, kowane ya kwana, a ɗan goga samfefa 320 a tsakani. Ƙasan teburin da gefuna da gindin ƙafafu su ma a shafe su, nan ne ake ha'inci, kuma ta nan damshin damina da ruwan wanke daɓe ke shiga. A yi aikin cikin ɗaki mai iska amma ba ƙura, ba tsakar rana ba, ba kusa da murhu ko gas ba domin tina tana kama wuta.

Sai haƙuri Hajiya. Kwana ɗaya za ki taɓa ki ji ya bushe, amma bai gama ƙarfi ba sai ya yi wajen wata guda, kafin nan kar ki murza fulawa a kai, kar a rufe shi da leda. Bayan haka ma tukunya daga wuta ba ta hawa kai tsaye, ki nemi guntun tayil ko katako ki riƙa azawa, yanka albasa da nama kuma a kan katakon yanka. Gogewa da ɗan jiƙaƙƙen tsumma da sabulu ya isa, ban da soson waya.

Ki kuma faɗa ma kafintan tsummokaran da ya goge banish da su kar ya dunƙule su ya jefa lungu, suna iya yin zafi su kama wuta da kansu, ya shanya su a fili su bushe tukuna.